Baba Lawan Mai Ƙwarya, Ɗan Aiken Majalisu Biyu

Idan ka ga Muhammadu Lawan a zaune, to ko dai zaman tahiya yake yi, ko kuwa ba shi da lafiya. Da an shafa addu'ar asuba shi ne na farko a wurin takalma. Ya leƙa gida, matarsa Fanne ta miƙo masa koko, a tsaye zai shanye. Ya saɓa damin igiya a kafaɗa, don tukar igiyar ɗaure shanu ce sana'arsa, ya kama hanya. Ranar Laraba da kasuwar shanu ke ci ba ya neman inuwa ya baza kaya kamar sauran masu igiya, kutsawa yake yi tsakanin dillalai da masu lodi, daga wannan tirela zuwa waccan. Kana ciniki da shi ƙafarsa ɗaya ta riga ta juya. Fanne takan ce tun da aka kawo ta gidan nan ba ta ga tabarmarsa ta tsufa ba, amma takalman da ya kashe, Allah kaɗai ya san iyakarsu.

Sai dai ba igiya ce ta jawo wannan jinjina ba. Ƙwarya ce.

Unguwarmu, nan gefen Yindiski, layi bakwai ce. Huɗu na tsofaffin gari ne, manoma da makiyaya waɗanda kakanninsu suka sare dajin, kuma gidajensu ba su da yawa. Sauran ukun, wato Layin Kanawa da Layin Mahauta da Kwari, kasuwa ce ta jawo su, sun hayayyafa sun cika sun batse. Layin Kanawa shi kaɗai ya fi waɗancan huɗun yawan gidaje ko an haɗa su. Da aka tashi kafa ƙungiyar unguwa sai rigima ta ɓalle. Tsofaffin gari suka ce in hannu za a ƙirga an gama da su. Masu yawa suka ce in layi za a ƙirga an raina musu hankali. Da aka gaji da ja-in-ja sai aka yi majalisa biyu. Akwai Taron Masu Gida, kowane gida hannu ɗaya, a filin firamare. Akwai Zaman Bakwai, kowane layi kujera ɗaya komai ƙanƙantarsa, a ƙofar gidan Baba Zarami, tsohon manomin nan da ke can ƙarshen unguwa. Ba a taɓa komai sai duka biyun sun yarda. Samari masu sauraron rediyo suna musu laƙabi da 'yan wakilai da sanatoci, wai ai haka Abuja take, a Majalisar Wakilai Kano ta ninka Yobe, a ta Dattawa kowa sanata uku. Su dai suna raha ne, amma abin da yake nufi a ƙasa ba raha ba ne: mutum huɗu a kan tabarmar Zarami suna iya tsayar da abin da hannu ɗari-ɗari suka ɗaga wa.

Majalisun nan ba sa zama wuri ɗaya. An taɓa gwadawa, aka tashi baram-baram. Kada kuma wani ya ce ai akwai waya, ita ma an gwada, wani ya ji zaginsa kai tsaye a kunne, aka daɗe ba a gaisawa. Ƙwarya ce ke haɗa su. Idan Taro ya tsayar da magana, sai a saka goro guda a ƙwarya, a rufe da faifai, mai ƙwarya ya kai wa Bakwai ya faɗi saƙo. In sun yarda su fasa goron su cinye, ya dawo da ƙwarya wayam. In sun ƙi goro ya dawo yadda ya tafi, ya zama na mai ƙwarya, kuma ladansa ke nan, babu wani. Ga sharaɗin da ya sa kowa ke gudun aikin: mai ƙwarya ba shi da hannu a Taro, ba shi da kujera a Bakwai, ba shi da baki a ko'ina. Gidansa ya fita daga ƙirge. Lawan ya karɓi ƙwaryar nan gemunsa baƙi wuluk, yau ya yi fari fat.

Ka ji yadda yake aikinsa. Taro zai yi zafi, wani ya miƙe ya ce, "Ka je ka gaya wa tsofaffin nan masu taurin kai, in ba su bari an gyara famfon burtsatse ba, su zo su shayar da mu da kansu!" Lawan ya ɗauki ƙwarya ya ratsa unguwa da saurin nan nasa, ya yi sallama ya ce, "Masu gida suna gaishe ku. Suna so a gyara famfo, kuma ransu a ɓace yake." Ba ya ƙari a kan buƙata, ba ya ragi, zagin kawai yake zubarwa a hanya. Wani mahauci ya taɓa bin bayansa a ɓoye don ya kama shi da sauya magana. Ya dawo yana sosa ƙeya, ya ce, "Wallahi ba haka muka aike shi ba, amma abin da muke so ɗin ya faɗa."

Kai ne, Baba Lawan, ɗan aiken da ba ya ƙari ba ya ragi. Kai ne ka kwashe zagin da ya isa ya raba unguwar nan biyu, ka zubar inda babu wanda ya taka.

To, ga inda abin ya zo masa gida. Kwari sunansa ke nan, duk ruwan unguwa can yake gangarawa, kuma gidan Lawan a tsakiyarsa yake. Mahaifinsa na cikin waɗanda suka fara gini a wurin, tun ba a san za a cika sama da gidaje a toshe wa ruwa hanya ba. Damina bayan damina Taro na tsayar da cewa a haƙa lambatu ya kwashe ruwan ya kai tabki, damina bayan damina goro na dawowa. Hanyar da aka shata ta ratsa gefen gonakin layuka uku, ta kuma datse burtalin da shanun Malam Joda ke bi zuwa shan ruwa, shi kuwa Joda shi ke riƙe da kujerar Layin Fulani. Huɗun nan suka dunƙule wuri ɗaya. Uku kuwa, komai yawan mutanen da ke bayansu, uku ne.

Wata shekara ya dawo da goro ya tarar da Fanne tana kwashe ruwa daga ɗaki da roba, zani a ɗaure a gwiwa.

"Malam, ka sake dawowa da shi?"

"Na dawo da shi."

"To ci mana, ai naka ne. Ci da kyau. Ni kuma in ci gaba da kamun kwaɗi a ƙarƙashin gado."

Ya ajiye ƙwarya a kan randa, ya karɓi robar daga hannunta. Amma a waje tsiya ake masa, wai goron da Bakwai ke dawo masa da shi ne ya rina masa haƙora suka yi ja. Yakan yi dariya tare da su, in ya juya kuma fuskar ta koma yadda take.

A shekarar da ta biyo baya ne Alhaji Shehu ya tare shi. Alhaji Shehu shi ne wakilin Layin Kanawa, mai sayar da hatsi, kuma a yi masa adalci, ba mugu ba ne, ruwa ya sha jiƙa masa buhuna a sito. An tashi daga Zaman Bakwai an kayar da su kamar kullum, sai ya biyo Lawan a mota ya tsaya gefensa ya sauke gilas.

"Baba, gidanka fa ake magana. Jefa goron nan a baki, ka kai musu ƙwarya wayam. Mai katafila yana gari, da safe ya fara haƙa. Kafin tsofaffin nan su farga an wuce wurin."

Lawan bai daina tafiya ba, motar ce ta riƙa binsa a hankali.

"Alhaji, goron nawa ne, kuma zan ci. Amma sai na kai an gani."

A daminar nan katangar bayan gidansa ta faɗi, ta danne masa akuya. Fanne ta kwashi jikoki ta koma gidan yayanta sai da ruwa ya ja. Wanda ya ba da labarin motar ba Lawan ba ne, Alhaji Shehu ne da bakinsa, daga baya.

Daga nan Alhaji ya daina ƙirga hannuwa ya koma ƙirga kujeru. Yana da uku, ɗaya yake nema. Sai ga Malam Joda, mutumin da za ka ƙirga gidajen layinsa da yatsun hannu, ya zama wanda aka fi gaisarwa a unguwa. Mahauta su durƙusa masa, Kanawa su aika da buhun shinkafa, su kuma manoman Zarami su tuna masa da harawar da suke bar wa shanunsa tun zamanin iyaye. Joda ya mayar da shinkafa a kan amalanke, ya ce, "Ni shinkafa bai dame ni ba. Saniya ba ya tsallake rami. Ka ɗauke rami daga burtali, ka samu ni."

Shi ke nan, sai aka shiga ɗauke rami. Amma ruwa dole ya bi ta wani wuri. Aka kafa turaku ta bayan Layin Mahauta, mahauta suka ce in an taɓa musu wurin shanya fata sun janye kujerarsu. Aka matsa gaba, aka ci karo da gidan wani mai 'yan'uwa rututu a Taro. Aka matsa, aka sake matsawa. Duk gidan da turke ya taɓa yana da hannu, hannun kuma yana da dangi. Haka turakun nan suka yi ta yawo har suka sauka a gida ɗaya tilo da ba a ƙirga shi a ko'ina. Lawan ya dawo daga kasuwa ranar wata Laraba ya tarar da su, an shafa musu jan fenti, sun ratsa ɗakin ƙofar gidansa sun yanki wani sashe na tsakar gida. Ɗakin nan mahaifinsa ne ya gina shi da hannunsa, a nan ya koya masa tuka, a nan kuma ya cika. Lawan ya zagaya turakun, ya sake zagayawa, damin igiya na kafaɗarsa bai ma tuna ya sauke ba.

Ranar Taro yana tsaye a gefen fili inda ya saba tsayawa, ƙwarya a hannu. Ya ji an ambaci sunan gidansa. Ya ji an ce za a gina masa wani ɗakin a baya da aikin gayya. Ya ji an ce a yi sauri, mai katafila zai wuce Gadaka wani aiki, in bai fara gobe ba sai bayan damina. Ya ga hannuwa sun tashi, har da na maƙwabtansa na Kwari, waɗanda ruwa ya ishe su, suna ɗagawa suna kallon ƙasa. Kuma babu mutum ɗaya, ɗaya tak, da ya juyo ya ce, "Baba, me ka gani?" Wai ai mai ƙwarya ba shi da baki. Kai jama'a! Dokar da aka yi don kada ya karkata, ita aka ɗauka aka rufe masa baki da ita. Daga bayan shinge, inda mata ke tsayawa, muryar Fanne ta fito.

"Malam, ka yi magana mana! Ɗakin Baba ne fa!"

Ya ji ta, kowa ya ga ya ji ta. Aka saka farin goro a ƙwarya, ya rufe da faifai ya juya.

A ƙofar gidan Zarami ya yi sallama ya faɗi saƙo yadda aka ba shi: lambatu ya bar burtali, ya bar gonaki, zai bi ta Kwari, ta cikin gidan Muhammadu Lawan. Tsohon ya karkato kunne.

"Lawan, gidan wa ka ce?"

"Gidan Muhammadu Lawan, Baba."

"Kai ka yarda?"

"Ba a aiko ni da wannan ba, Baba."

Zarami ya ce shi ba zai ci wannan goro ba. Manoma biyu suka bi bayansa. Su Alhaji Shehu uku suka ce sun yarda. Ido ya koma kan Joda. Ya yi ta zane a ƙasa da sandarsa, ya dubi hanyar burtali, ya dubi ƙafafun Lawan, bai iya duban fuskarsa ba. Can ya miƙa hannu ya ɗauki goron ya fasa. Huɗu suka cika.

Abin da ya faru a hanyar dawowa, Tanko mai goro ne shaida, don teburinsa yana bakin kwanar da ake karyawa zuwa firamare. Ya ce da la'asar sakaliya ya ga Baba Lawan ya wuce da ƙwarya, ya yi nisa, sai ya dawo. Ya sake wucewa, ya sake dawowa. Sannan ya tsaya ya sa hannu a tire yana juya goro, ya ture ja ya ture ja, har ya zaɓi fari, daidai girman wanda Taro ke aikawa. Ya biya. Mutumin da bai taɓa sayen goro ba tun da ya ɗauki ƙwarya.

Me ke ransa? Ba sai an faɗa ba. Abin da ya rage kawai shi ne ya ɗaga faifai ya jefa goron nan, ya kai musu. Taro ya watse a kan Bakwai sun ƙi, kamar yadda suka saba ƙi. Kafin gaskiya ta fito katafila ta kama hanyar Gadaka, ɗaki ya tsira bana, badi kuma Allah ne masani. Katanga in ruwa ya ci ana sake ginawa, ya sake ba sau ɗaya ba. Amma filin da lambatu ya ɗauka ba ya dawowa. Kuma wa zai zarge shi? Su ne suka fara cin amanarsa. Yana jin warin ɗanyar ramar igiya na ɗakin mahaifinsa a hancinsa, yana ganin ƙyauren ɗakin na katako mai kauri, da wurin da tafin mahaifinsa ya goge har ya yi sheƙi. Ya ɗaga faifan da ɗan yatsa.

"Baba, lafiya?" in ji Tanko.

Lawan ya tsaya a haka, goro a dama, ƙwarya a hagu, ƙafafun nan da ba sa tsayawa sun kafe wuri ɗaya. Tanko ya ce har sai da ya ji tsoro. Can sai ya saki faifan ya koma ya rufe, ya kai goron baki ya gatsa. A nan tsaye ya cinye shi tas, yana tauna kamar mai tauna tsakuwa, hawaye na bin gemu. Ya goge baki da hannun riga ya ce, "Tanko, goronka da ɗaci." Ya wuce.

Ya isa fili ya buɗe ƙwarya ya ɗaga ta sama, wayam. Samari suka fara tafi, suka ga babu dattijon da ya taya su, sai tafin ya mutu.

Kai ne, Baba Lawan, aka ce ka yi ƙarya ka ceci gidanka daga ruwa, ka ƙi. Kai ne kuma ƙarya ta zo maka da kanta, a tafin hannunka, ba mai gani sai mai goro, ka tauna ta ka haɗiye. Kana da ikon ka kai ƙara gaban hukuma, Fanne ta ce ka kai, ba ka kai ba. Ba a ce ba ka ji ciwo ba, unguwa duka ta ga yadda ka rame a watan nan. Amma ka san ranar da ƙwarya ta yi ƙarya sau ɗaya, daga ranar babu Taro babu Bakwai, sai masu yawa su bi ta kan marasa yawa, ko marasa yawa su shaƙe kowa.

Da safe kafin katafila ta iso shi ya cire ƙyauren da kansa, bai bari kowa ya taɓa ba. Ruwa ya sauka a daminar, mai yawa kuwa, ya bi lambatu ya wuce tabki. Kwari ya kwana a bushe, shanun Joda suka bi burtalinsu. An gina ɗakin baya kamar yadda aka yi alkawari, Alhaji Shehu ya kawo bulo ya tsaya a kan aikin har aka rufa, amma har gobe in ya gaida Fanne, "Lafiya" ɗaya take ba shi ta kau da kai. Kada kowa ya ce mata ta yi haƙuri, tana da gaskiya.

Goro na ƙarshe da Lawan ya kai, kunya ce ta aiko shi. Taro ya tsayar da cewa daga yau gidan mai ƙwarya yana da hannu, matarsa ko ɗansa ya ɗaga masa, kuma ba a sake kafa turke a gidan kowa sai an tambaye shi. Bakwai suka fasa shi ba musu, Zarami da kansa ya fara ɗauka. Bana gwiwa ta ƙi, likita ya ce a rage yawo, Lawan ya rataye ƙwarya a ƙusa a ajin firamare. Ko da haka ba zama yake yi ba, dogara sanda yake ya kai bakin layi ya dawo, ya sake kaiwa.

Mun gode, Baba Lawan. Allah ya saka da alheri, ya ba gwiwa lafiya, ya gina maka ɗakin da ba mai kafa masa turke. Allah ya saka wa Fanne, wadda ta kwashe ruwan da gaskiyarka ta bari ya shiga ɗaki.

Ku kuma samari masu kiran sanatoci da 'yan wakilai, ƙwarya tana nan a rataye, ta fara ƙura, ga maganar gyaran makabarta na jiran mai kai ta. An yi cigiya a Taro kowa ya sunkuyar da kai. Ba digiri ake nema ba, ƙafa ce da amana. Wanda ya ɗauka ba zai ɓata hanya ba, daga firamare zuwa gidan Zarami yanzu ta Kwari ake bi, a tsallake lambatu a daidai inda ɗakin yake a da. Ba a yi kwalbati a wurin ba tukuna, amma akwai abin takawa. Baba Lawan ya shimfiɗa ƙyauren mahaifinsa a kai.